Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Dikko Radda: A Ba Malaman Rabin Aji Lokacin Duba Aikinsu

Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Radda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ka riƙo, ya zaunar mana da jiharmu lafiya.

Ranka ya daɗe, ni malama ce a wata makarantar firamare ta gwamnati a nan Daura. Shekara 11 ke nan ina riƙe da ajin da iyaye ke kira rabin aji, wato na 'yan shekara huɗu zuwa biyar da ke zaman tabarma kafin su shiga aji ɗaya. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuto maka shi ne sanin da na yi cewa kai ma ka riƙe alli. Ka yi makarantar horon malamai a Zariya, ka tsaya gaban ɗalibai kafin aiki ya kai ka wasu wurare. Wanda ya taɓa fitowa daga aji da ƙurar alli a hannun riga ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da zan faɗa.

Mun ga malamai fiye da 7,000 da gwamnatinka ta ɗauka ta hanyar jarrabawa a shekararka ta farko, Allah ya saka da alheri. Kokena ya shafi abin da ke biyo bayan ɗauka: wa ake turawa ajin ƙanana, kuma wa ke taimaka masa ya iya aikin bayan an tura shi.

A makarantu da yawa, in an zo rabon azuzuwa, rabin aji ne ke zuwa ƙarshe. A kan ba da shi ga wadda ta dawo daga hutun haihuwa, ko wanda ya kusa ritaya, ko sabuwar da ba a san inda za a saka ta ba. Sai ka ji an ce, “Ai yara ne, ki dai riƙe su kada su yi faɗa.” Alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. Kundin manufofin ilimi na ƙasa da aka sabunta a 2013 ya ware shekara guda ta share fage kafin firamare, ya ce malami ɗaya ga yara 25, a koyar da su da harshen uwa ko harshen yankinsu, kuma ta hanyar wasa. Likitoci sun ce kafin yaro ya shiga aji ɗaya ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. Mu kuma tun kakanni mun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, hannun da zai yi tanƙwarar nan, shi ne ba a kula da shi.

Bari in ba ka labarin kaina. Na shiga ajin nan da takardar NCE, amma abin da na karanta na manyan ɗalibai ne. Shekarata ta farko, abin da na gani ana yi shi na yi. In tsaya gaban allo da sanda, in ce “E fo aful”, yara sama da sittin su amsa da ƙarfi har makwabta su ji. In na ga sun gaji in ce a kifa kai. Ina komawa gida muryata a dushe, zuciyata a cike da cewa na yi aiki. Ba wanda ya ce mini ba haka ba ne, domin duk mai zuwa dubawa rajista yake buɗewa da littafin tsara darasi, ya sa hannu, ya tafi.

Wata dattijuwar malama, Allah ya jiƙanta, ita ce ta fara shiga ajina ba don ta duba takarda ba. Ta shimfiɗa gyalenta a bayan aji ta zauna tun daga safe har aka tashi tara, ba ta ce uffan ba. Da yara suka fita ta ce mini, “'Yata, yara nawa kika ji muryarsu yau?” Na ce duka, ai kin ji yadda suke amsawa. Ta ce, “Wannan amo ne. Ina nufin wanda ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa, shi kaɗai.” Na yi shiru ina lissafi. Uku ne, kuma ukun nan na gaban tabarma ne, su nake kira kullum domin su ke ba ni amsar da nake so. Na ji kunya ƙwarai a ranar. Ita kuwa ba ta ƙara mini da faɗa ba. Ta ciro ɗan littafi mai fallaye arba'in daga jakarta ta miƙa mini, ta ce kullum in an tashi, kafin in saka hijabin tafiya, in rubuta layi uku: me na yi niyya, me ya faru a zahiri, me zan sauya gobe.

Littafin nan ne ya koya mini aikina. Akwai wani yaro da na yanke wa hukuncin taurin kai. In na kira shi ba ya waiwayowa, in an ce a tashi sai ya ga wasu sun tashi. Na sha daka masa tsawa, Allah ya yafe mini. Bayan mako uku ina karanta abin da na rubuta, sai na ga sunansa ya fito sau shida, kuma duk ranar da na rubuta “bai amsa ba” ranar ce da ya zauna gefen taga, ni kuma ina ta hagunsa. Ranar da ya zauna kusa da ni lafiya lau yake amsawa. Na gwada kiransa a hankali daga bayansa, ko motsi bai yi ba. Na je gidansu da la'asar, mahaifiyarsa ta ce ai kunnen nan ya daɗe yana ruwa, sun ɗauka zai wuce. Aka kai shi asibiti, ni kuma na dawo da shi gaba, ina kallon fuskarsa in zan yi magana. Da ban rubuta ba, da yaron nan ya shiga aji ɗaya da tambarin daƙiƙi, kuma ni ce na buga masa.

Haka na gano cewa 'yar Fulanin da ta yi wata biyu ba ta magana ba kurma ba ce, ba kuma kunya ba ce kawai, Hausar ce ba ta zauna mata ba tukuna. Ranar da na roƙe ta ta koya mana ƙirge da Fulatanci, ta miƙe ta ce go'o, ɗiɗi, tati, aji duka suna bin ta, ranar bakinta ya buɗe. Haka kuma na ajiye sanda na koma tara murafen lemo da ƙwallon goruba da karan dawa, yara suna rarrabawa suna ƙirgawa da hannunsu, muna buɗe safiya da tatsuniya, ina barinsu su gaya mini abin da suke tsammani Gizo zai yi.

Turawa suna da sunan da suke kiran wannan ɗabi'a a kwasa-kwasan koyarwa, amma mu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Muhasaba ce. Maganar da ake ruwaitowa daga Sayyidina Umar ce, cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Sai dai laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani. Shi ya sa littafi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da idon abokin aiki mai amana, irin na dattijuwar nan. Ni na dace da ita. Dubban 'yan'uwana a ƙananan hukumomi 34 na jihar nan ba su dace ba, kuma bai kamata abu mai nauyi haka ya rataya a kan dace ba.

Ranka ya daɗe, ba wai ba a kiranmu bita ba ne. Ana kira. Na je wata ta kwana uku, mu fiye da ɗari biyu a ɗaki guda, malaman rabin aji da na aji shida duk a cakuɗe. Mai gabatarwa ya yi ta nuna rubutu a bango da Turanci, ya nuna hotunan azuzuwa masu kujeru kala-kala da yara goma sha biyu. Ban ce bai san aikinsa ba. Amma da na ɗaga hannu na tambaya yadda zan yi wasan rukuni da yara saba'in a kan tabarma huɗu, sai aka ce lokaci ya ƙure. Muka karɓi satifiket da alawus muka watse. Ranar Litinin kowa ya koma abin da ya saba, domin ba wanda ya biyo mu ya ga ko abin ya karɓu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a irin wannan taro ba a tambayar mai ɗakin.

Kuma jiharmu ta taɓa ganin wata hanyar. Shirin horar da malamai na TDP da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2013 zuwa 2019 ya fara ne da Jigawa da Katsina da Zamfara, kuma ya gina horonsa a kan haɗa malaman makarantu makusanta su riƙa zama lokaci-lokaci, da bin su har aji. Shirin RANA ya yi aiki a Katsina da Zamfara a kan koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwan firamare. A Japan malamai sun fi shekara ɗari suna tsara darasi tare, ɗaya ya koyar saura su kalla, sannan a zauna a tattauna, kuma shirin SMASE ya shigo da irin wannan tunani Nijeriya ga malaman lissafi da kimiyya. Dukkansu sun fi karkata ga azuzuwan da ke sama da namu, kuma shirin da ya dogara da kuɗin waje ranar tafiyarsa tana nan. Amma mutanen da suka horar suna nan a cikinmu, wasu suna ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi.

Abin da nake roƙo bai kai tsadar gina aji ba. A ware mana rabin yini guda a kowane wata, a rubuta shi cikin jadawalin zango yadda hedimasta ba zai ga kamar gudun aiki muka yi ba. Malaman rabin aji na makarantu biyar ko shida da ke kusa su haɗu a ɗaya daga cikinsu, a cikin aji na gaske da yara na gaske. Ɗaya ta koyar, saura su kalla, in yara sun tashi a buɗe littattafai kowa ta kawo abin da ya gagare ta. Da Hausa za a yi, domin da ita muke aikin. Na ƙauye a ba su kuɗin mota, domin malamar da za ta taso daga wani lungu na Baure ko Zango ba za ta iya cire kuɗin babur daga albashinta kowane wata ba. Inda hanya ba ta da tsaro, saƙon murya a WhatsApp ya fi babu. Kuɗin kuwa akwai gurbinsa: cikin kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya da doka ta ware wa ilimin bai-ɗaya, kashi 10 na horar da malamai ne. Ina roƙonka ka umarci hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta fitar wa ajin ƙanana rabonsa a fili, ta karkatar da mafi yawansa ga wannan zama na kusa da gida.

Masu jagorantar zaman ma muna da inda za a samo su. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina, ga ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, ga ta Yusuf Bala Usman a nan Daura, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Malamansu su riƙa zuwa suna zama a tabarmarmu, su ma za su ƙaru, domin wanda ke horar da malaman gobe ya kamata ya san ajin da zai tura su. Kuma a zaƙulo tsofaffin malamai mata da suka ƙware a kan ƙanana, a ba su matsayin masu ja-gora tun kafin su yi ritaya su tafi da abin da suka sani.

Akwai abin da ke ci mini rai fiye da rashin kayan aiki. Da zarar malama ta gwanance a rabin aji, sai a ce ta fi ƙarfin wurin, a ɗauke ta a kai aji biyar ko shida, a kawo sabuwa ta fara daga farko. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, ta amince da kwas na musamman a kan ilimin ƙananan yara a matakin NCE, amma sai ka tarar da wadda ta karanta shi tana koyar da manya, wadda ba ta karanta ba tana fama da ƙanana. A tura masu wannan takarda inda suka dace, a bar wadda ta iya ta daɗe a ajin, ta samu ƙarin girmanta a nan ba sai ta bar shi ba, kuma halartar zaman wata-wata ya shiga lissafin ƙarin girma.

Sai dai ina da tsoro guda, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Kada a mayar da ɗan littafin nan fom ɗin da za a cike a kai ofis. Ranar da malama ta san cewa sufeto zai karanta abin da ta rubuta ya auna ta da shi, ranar za ta daina rubuta “yau na yi kuskure”, ta koma rubuta “darasi ya tafi daidai”. Da ban amince da dattijuwar nan ba, da ban taɓa gaya mata na daka wa yaro tsawa a kan ciwon da ba laifinsa ba ne. Littafin na malama ne. Abin da hukuma za ta duba shi ne ko an zauna, da abin da ya sauya a aji.

Ka fi ni sanin cewa kwalejin da aka kafa a Katsina a 1921, wadda Sardauna da Tafawa Balewa suka fito daga cikinta, don horar da malamai aka gina ta. Da aikin malami aka san mu a Arewa. Ina roƙon a fara gwada wannan tsari ko da a ƙaramar hukuma ɗaya a kowace shiyya, zango mai zuwa. In kuma wata rana aiki ya kawo ka Daura, ka tsaya a kowace firamare ka ga dama, ba tare da sanarwa ba, da misalin ƙarfe takwas da rabi, ka nemi a kai ka rabin aji. Ka zauna a baya na minti ashirin, sannan ka tambayi malamar yaushe rabon da wani ya zauna mata haka.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Wata malamar rabin aji,
Daura, Jihar Katsina.