Rahoton kwamiti kan gyaran soron makaɗa na hanyar zagayen cikin birni

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa da duk wanda yasa hannu a wannan aiki. Alhamdulillahi gyaran tsohon soron makaɗa na unguwarmu ya kammala, kuma tunda ku kuka ɗora mana nauyin nan dole mu dawo mu faɗa muku abinda mukai da abinda ya gagare mu.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba, tun farko burinmu shine a samu hanyar da mutum zai taka da ƙafarsa cikin birnin Kano yaga inda kiɗan garin nan yake da masu yinsa. A tashi daga Gidan Makama, a tsallako Ƙofar Kudu inda masu kakaki da algaita suke yiwa sarki busa, a shiga lungu a ɓullo soron nan namu a sha ruwa, sai a nufi Kurmi wajen dukawa da masu fata, a ƙare a gindin Dala. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa da yai mulki daga 1463 zuwa 1499 shi ya fara kakaki kuma a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi, kun ga ashe hanyar kanta tarihi ce. Sannan tunda UNESCO tasa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024 muka ce baƙon da yazo kallon dawaki ya kamata ya san masu bushe-bushen dake gaban dokin suma. Matsalar kawai soron da zai zama zango a tsakiyar tafiyar ya kusa zama kango.

Ranar da muka fara shiga da magini wallahi jikinmu yai sanyi. Indararo ya karye ruwa yana bin bango, bakin wasu azarorin ya ruɓe, sannan shekarun baya an shafe bangon waje da siminti da niyyar taimako, ashe shine babbar cutar, dan siminti baya kama ƙasa, ruwa ya samu tsaga ya shiga ta baya kuma babu ta inda zai fita sai ya zauna yana cin ginin daga ciki. Maginin ya ƙwanƙwasa da bayan hannu muka ji wajen yana amsawa kamar ƙwarya, ya sa yatsa ya ɓamɓaro wani falle guda ƙasar dake baya jiƙe sharkaf alhali an daɗe da ɗauke ruwa.

Anan aka samu saɓani a mitin, kuma ba zamu ɓoye ba. Matasanmu da yawa sun ce a rushe a sa bulo da kwano a huta, yafi sauri kuma babu wahalar yaɓe duk shekara, maganarsu kuma akwai gaskiya a ciki dan su ne zasu ɗau wahalar nan gaba. Muna cikin ja-in-ja sai Baba mai gyaran kalangu, wanda a soron nan ya koyi sana'ar wajen mahaifinsa, yace "'ya'yana ku biyo ni." Ya rataya kalangunsa ya shiga shagon maƙwabta mai rufin kwano ya matse tsarkiya ya kaɗa, sauti ya dinga karo da kwano yana kwaramniya. Ya fito ya shiga soro ya tsaya ƙarƙashin ɗaurin guga, wato rufin soron na ƙasa mai baka, ya sake kaɗa abinda ya kaɗa ɗazu, sai gashi kowace gaɓa tana fita tsaf har kana jin abinda gangar take faɗa. Bai ƙara cewa komai ba. Shugaban matasa da kansa yace "Baba mun ji, a yi na ƙasa."

To haka akai. Aka ɓare simintin gaba ɗaya aka bar bango ya sha iska, aka kwaɓa ƙasa da ciyawa aka barta ta kwana biyu tana tsima kafin a murza tubali, inda ya zaizaye aka cike. Ɗaurin gugan bamu taɓa shi ba dan lafiyarsa lau, azarorin da suka ruɓe kawai aka zare. Nan muka ɗan yi jinkiri saboda kashin farko na azara da dillali ya kawo giginyar bata ƙosa ba, magini yana ɗagawa yace a mayar, munyi ta bin mutumin kafin ya canza mana. Rufin an yi masa laso irin na da, katsi daga marinar Ƙofar Mata da gashin jima da dafara, bangon waje kuma makuba ta kwasfar ɗorawa, aka tada zankwayen da suka gutsire aka sa sabon indararo mai tsawo yadda ruwa zai zuba nesa da gindin bango. Daɓen ciki iyayenmu mata ne sukai shi a wuni ɗaya suna yi suna waƙar daɓe, kuma yaran da suka taru a bakin ƙofa da yawansu ranar suka fara jin irinta. Na zamani abinda muka ƙara sola ce da fitila da benci, sai randa.

Yanzu in ka shiga zaka ga kayan kiɗa a rataye kowanne da bayaninsa da boko da ajami. Kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, kotso da taushi na makaɗan fada, goge da izgar dokinsa, sai ƙwarya da shantu na mata. Akwai kuntigi ma, dan yaranmu sun san sunan Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015 amma basu taɓa riƙe irin abinda ya kaɗa ba. An tambaye mu tambari, mun ce a'a, wannan kayan sarauta ne ba'a rataye shi a soron unguwa.

Maƙwabta sun kafa mana sharaɗi mun kuma karɓa hannu bibbiyu, ba kiɗa lokacin sallah, ba kiɗa bayan isha'i, kuma in almajiran makarantar allon dake gefe suna karatu a dakata.

Abinda bamu yi ba shine banɗaki, kuɗin bai kai ba, allunan nuna hanya ma daga Kurmi zuwa Dala saura. Lissafin abinda ya shigo da abinda ya fita yana manne a bayan ƙofar soron, risit duka suna hannun ma'aji duk mai son dubawa ƙofa a buɗe take. Makulli yana wajen mai unguwa. Matasa sun ɗau alƙawarin share indararo da duba yaɓe kafin ruwan farko na kowace shekara, Baba kuma yace duk ranar Asabar da hantsi yana nan da fata da tsarkiya, duk yaron da iyayensa suka yarda ya turo shi.