Yaron da ya tsaya ya yi digiri bai tsufa da wasa ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Ni malamin wasanni ne a wata sakandare a nan cikin garin Gombe, kuma na daɗe ina bin shafinku na wasanni duk da dai kusan kullum labarin Firimiya ne da Laliga ke cinye shi. Yau ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani wasa da na san yawancin masu karatu ba su taɓa kallo ba, wato hokin ƙanƙara, wanda ake yi a Kanada da Amurka da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, ana bin wani ɗan faifan roba baƙi da sanda. Wani zai ce ina ruwan mutumin Gombe da wasan ƙanƙara alhali a watan Afrilu ko ƙanƙarar saka wa a zoɓo wahala take mana, to a yi haƙuri a bi ni a hankali, maganar a kan yaranmu za ta ƙare.

Wani tsohon ɗalibina ne da ke karatu a Kanada ya fara turo min gajerun bidiyo ta WhatsApp, tun ina kallo don saurin wasan har na koma ina bibiyar yadda suke ɗaukar 'yan wasa, don shi ne ɓangaren da ya shafi aikina. Wasanninsu wajen ƙarfe ɗayan dare suke farawa a agogonmu, saboda haka da safe nake ganin abin da aka yi in data ta samu.

Babbar gasarsu ita ce NHL, ƙungiyoyi 32. Duk shekara bayan an gama kaka sai a zauna a yi abin da suke kira diraf, ƙungiyoyi suna zaɓen matasa ɗaya bayan ɗaya har zagaye bakwai, ka ga kusan yara 224 kenan daga duk duniya. Yaron da ya fito daga Amurka ko Kanada tsakanin shekara 18 zuwa 20 ne ake iya zaɓarsa, in ya wuce haka ba a kira sunansa ba shi kenan diraf ya wuce shi. Amma da yawansu ba sa ajiye sanda, sai su ci gaba da buga wa jami'arsu a gasar jami'o'i ta NCAA suna karatu suna wasa, in kakar jami'a ta ƙare wajen Maris zuwa Afrilu sai ka ga ƙungiyoyin nan da suka ƙi su shekara huɗu baya sun dawo suna rububin wanda ya yi fice, yaro ɗan 22 ko 23 ko ma 24. Kuma wannan karon shi ne zai zaɓi inda yake so, tunda ba wadda ta mallake shi.

Wanda labarinsa ya fi tsaya min a rai shi ne Martin St. Louis. Ɗan Kanada ne, gajere, ya buga wa jami'ar Vermont shekara huɗu yana ta cin ƙwallaye amma masu farautar 'yan wasa suka ce ƙanƙantarsa ta yi yawa, ba wanda ya zaɓe shi. Sai da ya je ƙaramar gasa tukuna Calgary ta ɗauke shi a 1998, ita ma bayan shekara biyu ta sallame shi. Tampa Bay ta karɓe shi a 2000, a 2004 kuma mutumin nan ya ɗaga Kofin Stanley, wato kofin zakaran NHL, ya fi kowa maki a gasar (ƙwallon da ya ci da wanda ya taimaka aka ci), aka ba shi gwarzon shekara, duk a kaka ɗaya. A 2013 yana dab da shekara 38 ya sake fin kowa maki. Ya buga wasa sama da 1,100 kafin ya yi ritaya, a 2022 kuma Montreal Canadiens ta ba shi koci, ƙungiyar da ta fi kowace yawan kofuna.

Abin da ya sa na ce ya tsaya min a rai, a shekarar da aka haife shi, 1975, an haifi wani yaro a Zariya mai suna Rumun Ndur, iyayensa suka tafi da shi Kanada yana ƙarami, shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya taka NHL, abin alfahari ne gare mu wallahi. Shi Buffalo ta zaɓe shi a zagaye na uku a 1994, wato a idon masana ya sha gaban St. Louis nesa ba kusa ba a lokacin, amma wasanninsa a babbar gasar ba su kai 100 ba. Ban faɗi haka don rage masa daraja ba, kaiwa can ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne, ina so ne a ga yadda hukuncin da ake yanke wa yaro yana ɗan 18 yake iya kuskurewa ko a wurin mutanen da suke da kuɗi da na'urori da ma'aikata cike da ofis.

Kuma ba St. Louis kaɗai diraf ya wuce ba. Adam Oates daga wata jami'ar fasaha ta Rensselaer ya fito, Detroit ta ɗauke shi a 1985, ya taimaka an ci ƙwallo sau 1,079. Gola Ed Belfour shekara ɗaya ya yi a North Dakota suka ci kofin jami'o'i a 1987, Chicago ta sa masa hannu, daga baya ya ci Kofin Stanley da Dallas a 1999. Chris Kunitz kuwa daga Ferris State ya zo, makarantar da ba ta cikin manya, Kofin Stanley huɗu ya ɗaga.

Toh amma Malam Edita gaskiya ɗaya ce, kuma ba na so in yi irin abin da ejan-ejan ke yi wa yaranmu na nuna musu wanda ya dace a ɓoye ɗarin da suka faɗi. Yawancin waɗannan yaran da ake ɗauka daga jami'a ba sa zama komai a NHL. Drew LeBlanc shi aka ba kyautar Hobey Baker a 2013, wato ɗan wasan da ya fi kowa a duk jami'o'in Amurka, Chicago ta ɗauke shi, wasa biyu kacal ya buga mata, ƙarshe a Jamus ya je ya yi sana'arsa shekara da shekaru. Matt Gilroy da ya ci kyautar a 2009 ya ɗan daɗe fiye da haka amma shi ma daga baya gasar Rasha ya koma. Waɗannan fa su ne zakarun, ina ga sauran.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, duk wanda ya taɓa horar da yara zai gane su. Ɗan shekara 23 da ke cin ƙwallo a kan 'yan 19 ƙarfin ƙashi ne ke taimakonsa, ranar da ya haɗu da ƙarti irinsa sai abin ya canza, ni ma ina ganin haka a gasar makarantu duk shekara. Sannan a jami'a wasa 30 da wani abu ake yi a kaka, yawanci Juma'a da Asabar, a NHL kuwa sama da 80 ne ga tafiye-tafiye ba hutu. Kwantiragin ma gajere ne, doka ta ce mai shekara 22 ko 23 na shekara biyu za a ba shi, mai 24 na shekara ɗaya, kuma albashi kala biyu ne a ciki, in kana sama ga naka, in aka tura ka ƙaramar gasa ta AHL sai ya faɗo ƙasa warwas, kuma can ake tura mafi yawansu. Kowace ƙungiya kwantiragi 50 kawai aka yarje mata, saboda haka in ba ka nuna kanka da wuri ba wani na bakin ƙofa. Akwai kuma wani abu na ɗan Adam, manajan da ya zaɓi yaro a zagayen farko sunansa ne a kai, zai yi ta haƙuri da shi shekara huɗu biyar don kar a ce ya yi asara, shi kuwa wanda aka tsinta kyauta ba mai jin kunya in an sallame shi.

Duk da haka ni dai ina ganin tsarin ya fi namu adalci, don ƙofar ƙarama ce amma a buɗe take, ƙungiya ba ta rasa komai in ta gwada shi shi ya sa take gwadawa. Kuma wanda ya buga shekararsa huɗu abin bai yiwu ba yana komawa gida da digiri a hannu, ba a ce ya tashi ba tsuntsu ba tarko ba.

Yanzu bari in dawo gida. Akwai yaron da na horar tun yana aji ɗaya, ɗan tsakiya ne, ban taɓa riƙe mai ganin fili kamarsa ba, kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda za ta. Da ya gama sakandare ya samu gurbin jami'a, mahaifinsa ya zo har makaranta ya same ni ya ce Malam kai yake jin maganarka, ka faɗa masa ya tafi karatu. Na faɗa masa, na ce ƙwallo ba za ta gudu ba, ya ce to Malam. Karatun shekara huɗu ya koma kusan shida, yajin aikin 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Duk tsawon lokacin bai daina atisaye ba, in ya zo hutu tare muke fita da asuba. Da ya gama sai ya je gwaji a wani kulob, ba zan faɗi suna ba, kwana uku yana cikin waɗanda ake tafa wa, ranar ƙarshe aka tambayi shekarunsa ya faɗi gaskiya, 24, sai aka ce masa ya makara. A bakin get wani ya ja shi gefe ya ce in yana so a gyara masa takarda ya koma 18, amma fa sai ya ɓoye digirin don lissafin ba zai hau ba.

Wallahi Malam Edita ranar da ya zo ya ba ni labarin nan kasa haɗa ido na yi da shi. Yaro ya wahala shekara shida ya samo takarda, an ce ita ce abin ɓoyewa. Ya ƙi, Allah ya yi masa albarka, yanzu yana hidimar ƙasa yana koyarwa a wani ƙauye, da yamma yana tara yaran garin yana koya musu. Amma tun daga lokacin in uba ya zo ya ce in shawarci ɗansa sai in ji bakina ya yi nauyi, don yaran sun riga sun ga abin da ya faru, sun gane cewa a nan in ka zaɓi aji ka bar fili kenan. Shi ya sa wasu ke barin makaranta a aji biyar su bi wani da ya ce zai kai su Turkiyya ko Dubai, a sayar da fili ko shanu a biya, bayan wata shida a dawo ba ƙwallon ba jarrabawar.

Kuma fa da ba haka muke ba. 'Yan wasan da suka ci mana kofin Afirka a 1980 akwai Segun Odegbami da ya yi injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan, akwai Adokiye Amiesimaka da ya karanta lauya a jami'ar Legas, karatu bai hana su ba. Gasar jami'o'inmu ta NUGA ma tana nan har yau, amma sau nawa muka ji an ce ga kocin wani kulob na gasar Najeriya zaune a wurin da biro da takarda? Tsakanin Bauchi da Gombe kaɗai muna da ATBU, da jami'ar jihar Bauchi ta Gaɗau, da jami'ar jihar Gombe, da ta tarayya a Kashere, ga kwalejoji, a ɗaya ɓangaren ga Wikki Tourists ga Gombe United ga Doma United. Daga filin Pantami zuwa jami'ar jiha ɗari nawa ne a Keke Napep? Su can Amurka mutum jirgi yake hawa ya je kallon yaro ɗaya.

Na san wani zai ce ai kulob ɗinmu sayar da 'yan wasa suke so su yi, Turawa kuma ɗan 18 suke nema ba ɗan 24 ba. Haka ne, ban musa ba. Amma kulob ba sayarwa kaɗai yake yi ba, yana bukatar wanda zai ci masa wasa ranar Lahadi kar ya faɗa ƙaramar gasa, kuma ɗan 24 na gaskiya wanda ya san ciwon kansa, yana jin bayanin koci, yana iya karanta kwantiraginsa da kansa, yana da shekara bakwai takwas masu kyau a ƙafarsa. Balle ma mu da muke cikin harkar mun san wasu 'yan 19 ɗin da ke cikin rajista sun girme shi.

Abin da nake roƙo bai da tsada. Kulob-kulob ɗinmu su ware ko gurbi biyu ne duk kaka na gwaji ga waɗanda suka gama jami'a ko kwaleji, kwantiragin shekara ɗaya da albashi daidai ƙarfi kamar yadda masu hokin nan ke yi, in ya yi a ƙara masa in bai yi ba a rabu lafiya. Su ma makarantun su riƙa shirya wasan sada zumunta da kulob ɗin kafin a fara kaka, a buɗe get jama'a su shiga. Ku kuma 'yan jarida dan Allah in ana gasar jami'o'i ko kofin gwamna ku turo wakili, ku buga sunan yaron da ya yi ƙoƙari da hotonsa da shekarunsa na gaskiya, don koci ba zai nemi wanda bai taɓa jin sunansa ba. In wakilinku ya shigo Gombe ya neme ni ta ofishinku, ni zan ɗauke shi a babur in kai shi filayen da yaran nan ke atisaye bayan sallar asuba.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka jarida.

Naku,
Malamin wasanni, daga Tudun Wada, Gombe