Wasiƙa zuwa ga Malam Bashir a kan niƙabin Hauwa

Geneva, 9 ga Fabrairu, 2025

Aminina Malam Bashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da su Inna, na zaɓi in zauna in rubuto maka a tsanake, domin na lura cewa duk ranar da muka ɗauko wannan magana ta waya, kai ne kake cinye lokacin da fatawa, ni kuma in ajiye waya ban faɗi rabin abin da ke raina ba.

Bizar Hauwa ta fito, kuma in Allah ya yarda bayan Ƙaramar Sallah za ta taho da yaran. Shekara biyu ina jiran wannan labari, amma da ya zo sai ya iske ni da damuwar da ban yi mata tanadi ba, saboda tun ranar 1 ga Janairun nan dokar hana rufe fuska a bainar jama'a ta fara aiki a duk faɗin Suwizalan. Wadda aka kama da niƙabi a titi ko a kanti ko a tashar mota za a ci ta tarar faran 100 (kuɗin Suwizalan) nan take, idan kuma ta ƙi biya magana ta yi nisa, tarar na iya kai wa faran 1,000. Ka san ba a cikin Geneva nake kwana ba, a Annemasse nake haya, tsallaken iyaka a ɓangaren Faransa, inda kuɗin gida ya fi sauƙi. To, su Faransawa tun 2011 suke da tasu dokar, tarar Yuro 150. A da ina lallashin kaina da cewa ko ba komai idan ta tsallaka Geneva za ta sake, yanzu kuwa gaba kura ne baya siyaki.

Daren Juma'ar da ta wuce ta kira ni ta bidiyo tana nuna mini shirin tafiya. Ta shimfiɗa kaya a kan gado, rigunan sanyin yara a gefe guda, a ɗaya gefen kuma sababbin niƙabai guda huɗu da ta sayo a Kantin Kwari, uku baƙaƙe ɗaya ruwan toka, har tana ɗaga na ruwan tokan tana cewa ta zaɓe shi ne don kada Turawa su tsorata da baƙi. Bashir, wallahi bakina ya mutu. Na ce mata sun yi kyau, na tambaye ta jikin Abba, muka yi sallama. Tun tana aji uku a Islamiyya take sa niƙabi, tun kafin in san ta, kuma kai shaida ne cewa ba ni na sa ta ba, tunda har yau kana yi mini gorin cewa sai da na kai sadaki sannan na tabbatar ba ƙanwarta aka ba ni ba.

Yanzu bari in dawo kan hujjar da ka kafa mini a saƙonka, cewa ai ko Chadi da Musulmi suka fi yawa ta hana, don haka in daina ganin laifin Nasara. Ban musa maka ba. Na tuna kana Njamena da kayan Alhaji a watan Yunin 2015 lokacin da aka tayar da bama-bamai a hedikwatar 'yan sanda da makarantar horar da su, kwana biyu bayan haka gwamnati ta haramta rufe fuska, har ta ba da umarnin a kwashe na kasuwa a ƙone. A watan Yuli kuma wani namiji ya yi shigar mata, ya rufe fuska, ya tayar da bam a ƙofar babbar kasuwa. A watan ne Kamaru ta hana a Lardin Arewa Mai Nisa, Nijar ma ta hana a jihar Diffa, mu kanmu a ƙarshen shekarar Buhari ya faɗa wa 'yan jarida cewa idan hare-hare suka ci gaba za a iya duba batun hana hijabi, ka kuma tuna irin ƙurar da ta tashi. Waɗancan mutane gawa suke kwasa. Ko wanda bai ji daɗin hukuncin ba ya san abin da ake gudu, yana kuma iya sa ran cewa ranar da wutar ta mutu za a sassauta.

Abin da ke nan daban ne, kuma shi ne ya tsaya mini a wuya. Musulmin Suwizalan sun kai kimanin dubu 400, mafi yawansu 'yan asalin Kosobo da Bosniya da Turkiyya, waɗanda matansu da dama ko ɗankwali ba su ɗaurawa. Binciken da aka yi a Jami'ar Lucerne kafin a kaɗa ƙuri'a ya kiyasta cewa masu niƙabi mazauna ƙasar ba su wuce talatin da 'yan kai ba. Saboda mata kimanin talatin aka tara ƙasa guda a ƙuri'ar raba gardama ranar 7 ga Maris, 2021, aka ci da kashi 51.2 cikin ɗari, aka shigar da haramcin cikin tsarin mulki, alhali gwamnatin tarayya da kanta ta nemi jama'a su ƙi amincewa. Ƙungiyar da ta kawo batun, Kwamitin Egerkingen, ita ce ta jagoranci ƙuri'ar 2009 da ta hana gina hasumiyar masallaci, a lokacin da hasumiyoyi huɗu kacal ke ƙasar, ɗaya daga cikinsu a masallacin da nake Juma'a a nan Geneva. Don adalci zan gaya maka cewa mutanen Geneva suna cikin waɗanda suka ce a'a a 2021, sai dai rinjayen ƙasa ya bi ta kansu.

A Faransa ma da wata mata ta kai ƙara Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam da ke Strasbourg, hukuncin da aka yanke a 2014 bai karɓi hujjar tsaro a matsayin dalilin hani na gaba ɗaya ba, bai kuma karɓi hujjar 'yantar da mata ba. Abin da kotun ta tsaya a kai shi ne abin da Faransawa ke kira zaman tare, wato wai ganin fuskar juna yana cikin sharuɗɗan zama a al'umma guda. A 2018 Kwamitin Haƙƙin Ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce Faransa ta tauye haƙƙin wasu mata biyu da aka ci tara, amma dokar tana nan daram. Ka ga ke nan a Njamena an ce wa mace muna tsoron abin da za a ɓoye a ƙarƙashin mayafi, a nan kuwa ana ce mata ba ma son ganinki a haka. Na farkon yana iya wucewa idan tsoro ya wuce, na biyun kuwa ban ga ranar ƙarewarsa ba.

Akwai abin da na gani da idona wanda ya ƙara rikita ni. Dokokin biyu duka sun yi togaciya ga mai rufe fuska saboda lafiya, ta Suwizalan ma har da sanyi da bukukuwan gargajiya da wuraren ibada. Makon jiya a kasuwar Annemasse na tsaya bayan wata mata a wurin mai lemo. Hijabinta ya sauko har gira, ta sa shuɗin takunkumin asibiti irin na zamanin korona, numfashinta yana turara gilashin idonta, babu abin da ake gani sai ƙwayar ido. Mai lemon ya auna mata, ya yi mata raha, ya miƙa mata canji, 'yan sanda biyu suka wuce ta gefenta ko waiwaye ba su yi ba. Fuskar nan a rufe take ruf kamar ta Hauwa, bambancin kawai wannan ƙyallen daga kantin magani ya fito. Na san abin da za ka ce, cewa ga mafita nan Allah ya kawo. Na yi wannan tunanin, amma raina bai kwanta da in kawo matata ƙasar mutane in koya mata yin ƙaryar mura kullum ba, kuma na san Hauwa, ba za ta ɗauki takunkumi a matsayin niƙabi ba, za ta ɗauke shi a matsayin ɓuya.

Ta fuskar addini kuwa, kai ne malami, ni almajiri ne mai ƙaramin sani. Abin da muka tashi da shi a zauren Malam shi ne mashahurin zancen Malikiyya cewa fuska da tafukan hannu ba al'aura ba ne, kuma mai harami da Hajji ba ta sa niƙabi. Albani ma, wanda malaman su Hauwa ke girmamawa, bai ɗauke shi wajibi ba, ko da yake Bin Baz da Usaimin sun wajabta. Saboda haka ƙofar sauƙi a buɗe take, ba na kuma jin za ta yi zunubi idan ta buɗe fuska a ƙasar da hukuma ta tilasta. Sai dai sanin hukunci daban, mace ta fita titi da fuskar da shekara goma sha biyar baƙon namiji bai gani ba daban. Abin da nake tsoro shi ne ta zo ta zaɓi zaman ɗaka, a bene hawa na huɗu, babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ta leƙo, ga sanyi, ga yara da dole a kai su makaranta a ɗauko su. Dokar da aka ce an yi don fito da mata cikin jama'a ita ce za ta kulle mini tawa.

Ga alfarmar da nake nema. Kada ka je wa Baba da maganar tukuna, domin ka san shi, zai ce a fasa tafiyar, ni kuma in ci gaba da dafa taliya ni kaɗai. Ni zan faɗa wa Hauwa da bakina cikin makon nan, ba zan bari ta ji a bakin wani ba, kuma duk abin da ta zaɓa ba zan matsa mata ba. Bayan na faɗa mata, ina so uwargidanka ta je ta wuni da ita, tunda tare suka yi hadda kuma tana jin maganarta fiye da tawa. Kai kuma ka rubuto mini maganganun malamai a kan halin tilas, a rubuce nake so, ba saƙon murya na minti ashirin ba. Ka tambayar mini uwargidan kuma yadda matan Njamena da kuka sani suka yi a wancan lokaci, ko sun buɗe ne ko sun daina fita, domin wannan Hauwa za ta fara tambaya.

Ka gaishe da su Inna, ka shafa mini kan takwarana.

Naka,
Sulaiman