Zuwa ga Sarkin Ƙarfi na Runjin Sambo

Sakkwato, daren Lahadi.

Assalamu alaikum, Sarkin Ƙarfi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan hunturu ya shigo da ƙarfinsa, hazo ya rufe gari, leɓe duk ya tsage. Na san na yi laifi, wata biyar ban neme ka ba, amma kai ma ba ka mutu da nemana ba, don haka a bar kaza cikin gashinta.

Sai haƙuri, ubangidanka ya tafi. Na tabbata ka ji Dharmendra, jarumin fim ɗin Indiya da ake ce wa Sarkin Ƙarfi, ya mutu ran 24 ga Nuwamba 2025, yana da shekara 89. Ina shagon Dogo labarin ya iske mu, nan take ya ce a kafa rumfa ƙofar gidanku a karɓi gaisuwa, tun da kai ka gaji sunan. Har yanzu in an ce Sarkin Ƙarfi a unguwa ba Ba'indiyen ake nufi ba, kai ake nufi, kai da ko buhun gero ba ka iya ɗagawa.

To mutuwar nan ce ta tayar mini da tsohon tsumi. Na shiga ɗakin shirgin Inna, na jawo kwalin nan da ka sani, na kaset. Arba'in da 'yan kai na ƙirga, gara ta ci bangon wasu. Na kai wa Dogo tsohon bidiyonmu, ya kwana biyu a kansa yana zagina, ya sauya bel, ya goge kan da ƙyalle, sai ga shi yana juyawa. Daren Juma'a na tara yara a tsakar gida, na ce yau za ku ga fim na gaske, ba shirmen da kuke cinye mini data a kansa ba.

Sholay, fim ɗin ubangidanka, na fara sa musu. Ka lissafa, 1975 zuwa 2025, shekara hamsin cif. Yaranmu sun saba da Indiya mai fassara, sun ɗauka ma Indiyawa Kananci suke yi, sai ga shi ba fassara. Dole na zama tafinta, irin mutumin nan na silima mai farin gemu da yake fassara mana alhali ko kalma ɗaya bai ji. Amma ka ji ikon Allah, tun da bos ya fito yana takawa a kan duwatsun nan, ba wanda ya sake motsi. Auta ya ɓuya bayan uwarsa. Fim ya haura awa uku, ba wanda ya taɓa waya. Ranar na kwana ina jin kaina, har na ce gobe sai na Hausa.

A nan na sha kunya, mutumina.

Na ɗauko wani, ba zan faɗi sunansa ba don kai ka fi kowa son shi. Wallahi ban san haka yake ba. Ana tsakiyar kuka ƙarar janareta ta fi muryar mai kukan. Inuwar mai kyamara na nan ƙiri-ƙiri a jikin bango. Jarumi ya shiga ɗaki da hula, ya zauna babu ita, ya tashi ta dawo. Wanda anka soka wa wuƙa kuwa, babbar ɗiyata ta ce, "Baba, wanga ai soɓo ne." Sun yi dariya har da faɗuwa. Ni kuma da na shekara goma ina cika musu baki, na rasa inda zan sa fuskata. Ashe rabin kyawun da muke tunawa a kanmu yake, ba a kaset ba. Ka tuna yadda muke zama ashirin a falon Kawu, talabijin inci sha huɗu, an ɗora shi kan kujera? Wa ke ganin inuwar mai kyamara a haka?

Sangaya ce ta ɗan wanke ni. Ana fara waƙar sai na ji Uwargida ta karɓa daga madafa, baiti bayan baiti, ba ta ɓata ko ɗaya ba. Matar da ke ce mini ita ba ta taɓa kallon fim ba a gidansu! Yara sunka ga Ali Nuhu siriri kamar a hure shi, sunka ƙi yarda shi ne wanda yau ke shugabantar hukumar fina-finai ta ƙasa.

Af, kafin in manta, Dogo zai ƙara aure. Awo, ta uku. Wai 'yar Gawon Nama ce, malamar makaranta. Uwargidansa ta ce ba komai, amma tun ranar tuwon gidan ba gishiri. Ya ce in gaya maka kai ne babban aboki, ka fara tara kuɗin mota. Gonar albasar Kawu kuma bana ta yi kyau, sai dai kuɗin taki da na man injin ban ruwa sun cinye ribar tun ba a cire ba.

In koma inda nake. Da fim ɗin ya ƙare, na tsakiyan ya tambaye ni, "Sai yaushe za a saki ci gaban?" Na ce ai ya ƙare. Ya ce, "Haka nan? Duka?" Tambayar nan ta tsaya mini a rai, don ina ganin nan ne ainihin bambancin yake. Kaset awa uku yake ɗauka. Ko an ja labari, na ɗaya da na biyu ne, iyaka na uku, dole a ƙulle zance, mugu ya ga sakayya, a ɗaura aure, kowa ya tashi. Mai fim ya san in bai gamsar da kai ba, ba za ka sayi na gaba ba. Yanzu fa? Tun da masu satar fasaha da masu turi a waya sunka kashe kasuwar faifai, abincin 'yan fim ya koma YouTube da tashoshin talabijin, kuma can yawan kallo da talla ne kuɗi. Wanda ya ƙare labarinsa ya rufe shagonsa ke nan. Shi ya sa Alhaji zai taho da mota, mai gadi ya buɗe ƙofa, a yi fakin, ya fito, ya gyara babbar riga, ya taka har falo, minti biyar ba a ce uffan ba. Sannan a ɗaga jirgin nan maras matuƙi a nuna mana gadar sama ta Kano karo na ɗari. Akwai mai dogon zangon da Uwargida ke bi tun tana da cikin Auta. Yau Auta na zuwa Islamiyya da ƙafarsa, har yanzu ba a gano wanda ya sace takardun gādon ba.

Kada ka ce na zama tsoho mai ƙorafi. Gaskiya ɗaya ce, yaran yanzu sun fi iya aiki. Hoto tas, murya tas, kuma akwai masu kukan da sai ka ji naka idon ya kawo ruwa, ba irin na da ba da ake shafa albasa. Sun rage rawa da waƙa ma, abin da malamai sunka yi ta faɗa a kai zamaninmu. Mu ma fa kwaikwayon Indiya munka kalla, soyayyar mutum uku da zagaya bishiya. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau ba a yi shekara arba'in ba, ba laifi an yi nisa.

Abin da ba zan yafe ba shi ne Hausar. Ka saurari Kasimu Yero ko Samanja, ko Ibro, Allah ya jiƙansu duka, magana ɗaya karin magana biyu, kuma ba haddace ta sunka yi ba, a bakinsu take. Yanzu jaruma ba ta iya fushi sai da Turanci. Mu Sakkwatawa kuwa, ka lura? In ka ji "mi kac ce" a fim, to mai gadi ne ko ɗan ƙauyen da za a yi wa dariya. Garin Shehu guda, a ce ba mu da alƙali ko likita ko da a wasa! Na faɗi haka a majalisa, Dogo ya ce in sayar da babur in yi nawa. Na ce shi zan sa mai gadin.

Jiya na so in maimaita Sholay ni kaɗai, bidiyo ya cinye zaren daidai wurin faɗan jirgin ƙasa. Na zaro shi a hankali da tsinke, ya yamutse kamar taliya. Yara sun ce ai yana cikin waya, fes da shi. Na duba, yana nan kuwa, na kalli minti goma na kashe. Ban san dalili ba.

A cikin kwalin na tarar da bango guda ba kaset, da rubutun hannunka a jiki: "Zan maido gobe." Goben nan ta kai shekara ashirin da huɗu. In za ka zo bikin Dogo ka taho da shi, ni kuma in kai ka Kwalkwalawa ka ci kifin ruwa mai daɗi, ka huta da na teku.

Inna na gaishe ka, ta ce ko ka manta hanyar gida ne. Ka gaida Madam da yara.

Naka,
Tafintan Indiya

Na tuna ka tambaye ni wani abu a saƙon muryar nan na bayan Sallah, ina jin kan filinka na Mabera ne, ko kuwa takardun yaron Yaya? Wayar ta faɗa randa, saƙon ya tafi. Sake turowa.