Sayar da data hawa-hawa: mai ƙaramin ƙarfi ne ke biyan tsadar

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi tsokaci a kan yadda kamfanonin sadarwa suka juya wa tsarin data mara iyaka baya, suka koma sayar da ita hawa-hawa, kowane hawa da farashinsa da kuma wa'adin da zai mutu. Mutane da yawa a nan Zariya, musamman ɗalibai, kukansu shi ne a ba su tsarin da mutum zai biya sau ɗaya a wata ya sha iya shansa. Nawa kukan ya ɗan bambanta da nasu. Ban ga aibu ba a auna wa mutum abin da ya yi amfani da shi ya biya. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka jera hawan, ta yadda wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi shi ne yake sayen giga ɗaya da tsada fiye da kowa.

Ba a ƙasar nan aka fara wannan sauyi ba. A watan Yunin 2010 kamfanin AT&T na Amurka ya daina ba sababbin masu hulɗa da shi tsarinsa na dala 30 a wata wanda ba shi da iyaka, ya kawo hawa biyu a madadinsa: megabait 200 a kan dala 15, da gigabait 2 a kan dala 25. Kamfanin Verizon ya bi sahu a watan Yulin 2011. Hujjar da aka bayar ita ce manyan wayoyi irin su iPhone sun jawo cunkoso a hanyoyin sadarwa, kuma wasu 'yan tsiraru ne suke shanye mafi yawan datar, har AT&T ya ce kashi 98 cikin ɗari na masu manyan wayoyi a layinsa ba sa wuce gigabait 2 a wata. Amma duk wanda ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi zai ga wani abu da ba a faɗa ba a sanarwar. Mai biyan dala 25 yana sayen giga ɗaya a kan dala 12 da rabi, shi kuwa mai biyan dala 15, wanda aka ce don sauƙaƙa masa aka yi tsarin, giga ɗaya tana zama masa dala 75. Ninki shida ke nan, kuma a kan wanda ya fi kowa ƙarancin amfani da hanyar.

Su kuma waɗanda aka bar su da tsohon tsarinsu na mara iyaka, sai aka riƙa rage musu saurin sabis da zarar sun kai wani adadi, ba tare da an yi musu cikakken bayani ba. Hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka ta kai AT&T kotu a kan haka a 2014, kuma a 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 60 domin a mayar wa mutane. A 2017 kuwa Verizon ya dawo da tsarin mara iyaka da kansa, saboda abokan gasarsa T-Mobile da Sprint suna janye masa jama'a da shi. Hukuma mai haƙori da gasa ta gaskiya su ne suka tanƙwara kamfanonin can.

Masu shekaru irin nawa sun tuna cewa mu ma mun taɓa ganin irin wannan. Da wayar salula ta shigo a 2001, da minti ake cajin kira, ko da kuwa sallama kawai ka yi layin ya yanke, kuma an sha gaya mana cewa cajin daƙiƙa ba zai yiwu ba a lokacin. Da Glo ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa, ba a daɗe ba sauran suka bi. Tun daga nan nake taka-tsantsan duk sa'ad da kamfani ya ce wani sauƙi ba zai yiwu ba.

Duk da haka, adalci ne a saurari nasu ɓangaren, domin ba ƙarya ba ce zalla. Ƙarfen sabis guda yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma duk wayoyin da ke kewaye da shi rabawa suke yi. Wanda ya taɓa zama a Samaru lokacin da jami'a take cikin zango ya san bambancin sabis da hantsi da kuma bayan sallar isha'i, lokacin da dubban ɗalibai suka koma ɗakunansu kowa ya buɗe waya. Idan aka sake wa kowa mara, mutum ɗaya da ya jona wa gida guda yana sauke finafinai dare da rana zai iya hana maƙwabtansa aika saƙo. Ga kuma tsadar gudanarwa: yawancin ƙarafunan nan da janareta suke aiki saboda rashin tsayayyiyar wuta, kayan aikin da dala ake sayo su, naira kuwa ta faɗi warwas tun daga 2023, har MTN ya bayyana asarar kimanin naira biliyan 400 a Nijeriya a shekarar 2024. A kan wannan ne kamfanonin suka nemi ƙarin kashi 100 cikin ɗari, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince musu da kashi 50 a watan Janairun 2025, bayan fiye da shekara goma ba a taɓa farashin ba. Na yarda cewa kamfanin da ba ya cin riba ba zai kafa sabon ƙarfe a Giwa ko Soba ba.

To amma hujjar cunkoso, idan aka bi ta da gaskiya, tana cewa ne wanda ya fi cika hanya shi ya kamata ya fi biya. Abin da ke faruwa akasin haka ne. Ina roƙon mai karatu ya buga *312# a wayarsa, ya rubuta farashin kowane hawa, ya raba shi da adadin datar da ke cikinsa. Mu ƙaddara naira ɗari tana saya maka wajen megabait ɗari: giga ɗaya ta tashi kusan naira dubu ke nan. Wanda yake da halin fitar da dubbai masu yawa a lokaci guda ya sayi babban hawa na wata, giga ɗaya ba ta kai masa rabin haka ba. Kowa ya san cewa mai sayen buhu a kasuwar Sabon Gari ya fi mai awon mudu samun sauƙi, kuma ba wanda yake ganin laifin ɗan kasuwa, domin akwai wahalar awo, da leda, da abin da yake zubewa a ƙasa. Data kuwa ba a ƙulla ta a leda, ba ta zubewa, kuma na'ura ɗaya ce take sayar wa mai naira ɗari da mai naira dubu ashirin cikin daƙiƙa guda. Ban ga wahalar da ta kai a ninka wa na farko farashi haka ba.

Za a ce ai akwai hawa masu araha ga mai ƙaramin kuɗi, kuma gaskiya ne akwai su. Sai dai kowanne da ƙugiya a jikinsa. Ko dai na kwana ɗaya ne ko biyu, wanda dole ka shanye shi da gaggawa ko ya mutu, ko na dare ne da ba ya aiki sai sawu ya ɗauke, ko kuma an ɗaure shi a kan WhatsApp ko Facebook ko TikTok kaɗai, ba zai buɗe maka shafin makaranta ko na neman aiki ba. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni takaici a matsayina na malami, domin ma'anarsa ita ce hira da kallon bidiyo suna da araha, karatu kuwa da tsada. Na san ɗalibai da suke saita ƙararrawar waya su farka tsakar dare domin su sauke lakca da littattafai da datar dare, su wayi gari suna gyangyaɗi a aji, ga shi garin nan yana da Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyarta ta karatu daga nesa, da Kwalejin Nuhu Bamalli, da sauran manyan makarantu, inda rijista da biyan kuɗi da duba sakamako duk sun koma intanet.

A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da take sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin gida. Shagonta shi ne hotunan da take ɗorawa a WhatsApp kowace safiya. Jarinta bai kai ta ware dubbai ta sayi datar wata ba, don haka kullum sai ta aiki yaro ya sayo mata kati na ɗari biyu ko uku. Wata mai saye za ta ce a turo mata bidiyon zanen ta ga yadda launinsa yake a rana, bidiyon ya kai rabi sabis ya tsaya, ta sake turawa, kuma abin da ya tafi a yunƙurin farko ba ya dawowa. Idan ta tara abin da ta kashe a wata, sai ka ga ya kai ko ya wuce kuɗin babban hawan da ta kasa saya, alhali datar da ta samu ba ta kama ƙafarsa ba. Haka masu POS da ke Kwangila da PZ, da 'yan kasuwar da suke jiran alat kafin su saki kaya.

Sai kuma batun wa'adi, wanda a ganina shi ne ya fi buƙatar malamanmu na fiƙihun ciniki da lauyoyi su duba. Mutum ya biya kuɗin giga biyar, ya yi amfani da uku, kwana talatin suka cika, sauran biyun suka ɓace. Hukumar NCC ta umarci kamfanonin su riƙa tsallaka wa mutum ragowar datarsa idan ya sabunta cikin wani ɗan lokaci, kuma wannan ci gaba ne. Amma sharaɗin sabuntawar shi ne matsalar, domin wanda ya kasa sabuntawa a kan lokaci yawanci rashin kuɗi ne ya hana shi, ba mantuwa ba. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa ragowar ta ragu ne saboda kwanakin da sabis ɗin kansa ya ɗauke. Kamfani ya kasa isar da abin da ya sayar, agogon wa'adi kuma bai tsaya ba.

Abin da ake tallatawa yau da sunan mara iyaka, galibi a kan na'urorin intanet na gida, shi ma yawancinsa hawa ne aka sa wa riga. Akwai adadin da idan ka kai shi za a rage maka sauri har kiran bidiyo ya gagara, kuma wannan adadi a ƙananan rubutu yake, da Turanci, a wurin da mai saye ba ya dubawa. Shi ne ainihin abin da aka kai kamfani kotu a kansa a Amurka.

Hukumar NCC ba baƙuwa ba ce ga sauraren jama'a idan sun ɗaga murya. A ƙarshen 2016 ta shirya sanya mafi ƙarancin farashin da za a sayar da data, abin da zai sa ta yi tsada, jama'a suka yi ca, Majalisar Dattawa ta sa baki, aka dakatar. A 2024 kuma ta fitar da ƙa'idar rage yawan tsare-tsaren farashi domin mai saye ya daina ruɗewa. Abin da nake roƙon shugaban hukumar, Dakta Aminu Maida, shi ne ya ƙara taki ɗaya: a wajabta wa kowane kamfani ya rubuta farashin giga ɗaya a gefen kowane hawa, a cikin jerin da yake fitowa a waya, kuma a samar da shi da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa. Wannan ba zai ci wa kamfani ko kwabo ba, amma zai sa mai naira ɗari ya ga abin da ake yi masa. Bayan haka a sa iyaka ga tazarar da ke tsakanin hawa mafi ƙanƙanta da mafi girma. Shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin giga ɗaya ta sauko naira 390. Ya kamata a auna wannan buri da farashin da mai sayen kullum yake biya, ba da na babban hawa ba. Datar da aka biya kuɗinta kuma a bar wa mai ita har ya sake sa kati, ko a ƙara masa kwanakin da sabis ya ɗauke, tun da kamfanin ya fi kowa sanin ranar da ƙarfensa ya tsaya.

Akwai nauyi a kan gwamnatin jiharmu ma. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar kudu suke sauka, galibi a Legas, kuma sai an ja wayar faiba ta ƙasa kafin su amfani Arewa. Jihar Kaduna ta yi abin yabo a 2020 da ta yafe kuɗin izinin haƙa hanyar shimfiɗa waɗannan wayoyi, a lokacin da wasu jihohi suke karɓar makudan kuɗi a kan kowace mita. Tun da an yafe wa kamfanoni wannan kuɗi da sunan jama'a, 'yan majalisarmu masu wakiltar Zariya da Sabon Gari suna da hurumin su tambaya kilomita nawa aka shimfiɗa a ƙasar Zazzau tun daga lokacin, da kuma unguwanni da makarantun da ta ratsa. Tsarin mara iyaka na gaskiya a kan faiba yake yiwuwa, domin ita ba ta da ƙuncin da ƙarfen sabis yake da shi, kuma idan ta isa makarantu da kasuwanni da ɗakunan karatu za ta rage wa ƙarafunan cunkoson da ake kafa hujja da shi.

Ga 'yan uwana masu amfani da waya kuwa, duk wanda aka zaftare wa data ba bisa ƙa'ida ba ya fara kai ƙara ga kamfaninsa ta lamba 300, ya karɓi lambar shaidar ƙorafin, idan ba a share masa hawaye ba ya kira NCC kyauta ta 622. Hukuma da abin da aka rubuta mata take aiki, ba da ƙorafin da muke yi a majalisar mai shayi ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam,
Wani malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.