Wasiƙar Godiya ga Ofishin Wasanni na Jami'ar da Ɗana ke Karatu a Amurka

Zuwa ga shugaban ofishin wasanni, da kociyan 'yan gudun ratsa-daji, da dukan ma'aikatansu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku bisa yadda kuka riƙe ɗana tun da ya bar Jos ya zo ƙaramar jami'arku da ke jihar Wiskonsin, kuma domin iyaye 'yan uwana masu 'ya'ya a ƙasashen waje su san cewa akwai wuraren da ake riƙon amana.

Jami'arku tana rukuni na uku na hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, rukunin da ba a ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta, domin na gane cewa yaron da ya fito gudun kilomita 8 a kan ciyawa da laka da tudu, cikin sanyin watan Nuwamba, ba kuɗi ne suka fito da shi ba, kuma karatunsa ba zai zama abin jingina ba. Kun tabbatar mini da hakan a aikace lokacin da jarrabawarsa ta zo daidai da ranar tafiya gasa, kociya da kansa ya ce ya zauna ya rubuta.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yadda kuka ɗauki yaron da ba shi ne gwani ba. Ya yi mini bayanin lissafin makinku har na fahimta: mutum bakwai ne ke wakiltar makaranta, ana haɗa matsayin da biyar na farko suka zo, kuma wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne ya ci, ta yadda maki 15 shi ne iyakar bajinta. Ɗana yawanci na shida yake zuwa, makinsa ba ya shiga lissafi, amma kociya ya nuna masa cewa duk lokacin da ya riga ɗaya daga cikin biyar na farko na wata makaranta isa, to ya ƙara wa waccan makarantar nauyin maki. Tun daga ranar ya daina kallon kansa a matsayin cikon benci, kuma na ji wannan canji a muryarsa ta waya kafin ma ya faɗa mini dalili.

Ina kuma gode wa ma'aikaciyar da ke kula da lafiyar 'yan wasa, wadda ta hana shi gudu har sai da ciwon ƙwaurinsa ya warke sarai, duk da nacin da ya yi. Haka nan ba zan manta ba cewa kun sassauta masa lokacin atisaye ranar Juma'a domin ya samu salla, kuma da azumi ya zo kuka mayar masa da gudunsa dab da faɗuwar rana ba tare da ya roƙa sau biyu ba.

Ni da mahaifiyarsa muna roƙon Allah ya saka muku da alheri, kuma muna fatan zuwa mu gaishe ku ido da ido ranar bikin kammala karatunsa.

Naku da girmamawa,
Mahaifin ɗalibinku, daga Jos