Ummi, ki zubar da shayin nan

Assalamu alaikum Ummi,

Ya gida ya aiki, ya Baban Khalifa, ya shi kansa mai gidan nawa da rigimarsa. Sau uku ina kiranki tun ranar Talata ba ki ɗaga ba, sai dai ki turo min "Mama ina ofis zan kira", toh na ji, har yau Juma'a ofis ɗin bai tashi ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, kin dai san idona da wannan danne-dannen waya ba sa shiri, amma maganar ta hana ni barci kwana biyu.

Walida ta faɗa min komai. Kada ki kira ta ki yi mata masifa, ni na titsiye ta, don tun da ta dawo daga wurinku na ga tana kauce wa idona in na tambayi lafiyarki. Ta ce bayan Babbar Sallah kin hau sikeli kin ga 91, kin shige ɗaki kin yi ta kuka, tun ranar kin daina cin komai sai bayan magariba, kuma akwai wani shayi a koren kwali da kika saya wurin wata mata a Instagram kina sha safe da dare, kina kwana zarya tsakanin gado da bayi. Har ta ji kina tambayar kuɗin allurar nan ta rage ƙiba a waya.

Bari in fara da 91 ɗin, don wallahi shi bai tayar min da hankali ba ko kaɗan. Ki yi lissafi ke da kike aikin lissafi. Kin fara daga 96, kika sauko 84 cikin wata takwas, yanzu kin koma 91. Har yanzu akwai kilo 5 da kika sauke bai dawo ba, kuma kilo 5 cikin 96 ya ɗan haura kashi 5 cikin 100, wanda mu a asibiti in mai hawan jini ko mai shirin kamuwa da suga ya sauke haka murna muke yi masa, don ana gani a awonsa. Kuma cikin bakwai ɗin da ya dawo ba duka ne kitse ba, satin Sallah mutum ya yi ta cin soyayyen nama da gishiri da maggi da tuwon shinkafa da masa, jiki riƙe ruwa yake yi, kilo ɗaya ko biyu ruwa ne kawai da zai tafi da kansa in an koma cin abinci yadda aka saba. Sannan jikin ɗan Adam haka Allah ya yi shi, in ya rage nauyi sai ya ƙara miki jin yunwa ya kuma rage yawan abin da yake ƙonawa, yana ƙoƙarin maido abin da yake ganin an ƙwace masa, kuma wannan yunwar takan daɗe har shekara. Yawancin waɗanda suka taɓa rage ƙiba wani abu ya dawo musu. Ba ke kaɗai ba ce, ba kuma lalaci ba ne.

Na san abin da za ki ce, ai Mama ke kika aiko da bokitin nama da alkaki da dubulan. Eh ni na aiko. Wace uwa ce za ta yi layya 'yarta na wani gari ba ta aika mata ba? Ban ce ki zauna ke kaɗai ki cinye ba, ga maƙwabta ga dangin miji. Maganar da na yi miki kuma a bikin Sadiya, da na ce kin zabge mutane za su ce ba kya jin daɗin gidan miji, toh wannan kam na yi ta tunaninta, bai kamata in faɗa a gaban su Gwaggo ba. Amma ki yi min uzuri, mu da muka taso mace in ta yi aure ba ta yi ƙiba ba sai a fara tambaya ko lafiya, har yau ai kina gani ana ɗirka wa amare sha-ka-fashe kafin biki don su cika zani. Kuma ki tuna wa ya tsaya kai da fata ya hana a ba ki shi lokacin naki bikin, har aka yi wata biyu ba a gaisawa da ni. Ni ce. Saboda haka in na ce miki na san abin da magani yake yi wa jikin mace ba da ka nake magana ba, shekara 31 na yi ina sa fararen kaya.

Shayin nan shi ne damuwata Ummi. Shi kaɗai. Da yawa daga irin waɗannan shayin abin da ke cikinsu filasko ne, wanda kakarki take jiƙa wa mai cushewar ciki, sai dai an zuba shi a kwali mai kyau an sa hoton mace mai siririn ƙugu. Aikinsa ya sa ki gudawa. Abincin da kika ci jiki ya riga ya tsotse amfaninsa tun a ƙaramin hanji kafin shayin ya fara aiki a babban hanji, don haka abin da yake fita ruwa ne da gishirin jiki, kitse yana nan inda kika bar shi. Ki hau sikeli da safe ki ga kin ragu da kilo biyu ki ji daɗi, ki sha ruwa kwana ɗaya ya dawo, sai ki ƙara yawan shayin. A haka sinadarin fotasiyam yake zubewa, shi ne kuma yake riƙe da bugun zuciya, mutum ya fara jin kasala da ɗaurewar jijiyar ƙafa da faɗuwar gaba yana cewa aljanu ne. Wasu ma ba su tsaya a filasko ba, sai su haɗa da ƙwayar sa fitsari, wasu su ɓoye sibutramine a ciki, maganin rage ƙiba ne da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka tun 2010 saboda yana jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har yau ana kama shi a cikin kayan da aka rubuta wa "ganye ne zalla". Ganye zalla! A Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace ta dalilin wani haɗin ganye na rage ƙiba da aka ba su a wani wurin rage ƙiba a birnin Brussels, an yi kuskuren saka wani saiwa a madadin wani, da yawansu sai da aka koma wankin ƙoda ko dashe. Can fa kenan inda ake da masu sa ido, balle ke da ba ki san ko a kicin ɗin wa aka ƙulla naki ba.

Ke ba yarinya ba ce lokacin da Anti Bilki take wankin ƙoda. Ke kike riƙe mata jaka. Kin ga yadda muke fita tun asuba sau biyu a sati, likita ya ce uku amma biyun ma da ƙyar, kin ga awa huɗu da take yi a jikin injin nan, kin san inda filin Abbanku na hanyar Jos ya tafi da 'yan kunnena na Makka, kin kuma san yadda ta ƙare. Har yau in na ji ƙarar wani inji mai ɗigo-ɗigo a asibiti sai na nemi wurin zama. Ruwa ma auna mata ake yi a kofi, mace tana kallon randa tana hawaye. Shi ne ke da hannunki, da kuɗinki, da digirinki har biyu, za ki zauna a wannan zafin kina wuni ba ci, kina tsiyaye ruwan jikinki da dare, ke da aka gano miki suga lokacin da kike da cikin Khalifa, ke da Abbanki yake kan maganin hawan jini, sai ƙodar ta yi da me? Ƙoda ba ta ciwo ta yi gargaɗi, shiru take yi sai ta kusa gamawa. Haba Ummi. Wallahi da a gabana kike da na ɗauki kwalin nan na jefa a masai kina kallo. Don wa kike wannan? In wata ce ta yi miki magana a ofis ko a dangi ki faɗa min sunanta, in kuma shi Baban Khalifa ne ya ce wani abu shi ma ki faɗa min, na san ta inda zan ɓullo masa ba tare da an ji kanku ba. Garin neman gira kada ki rasa ido, ni ba zan iya sake zaman wancan bencin ba, ban da ƙarfin, ban da filin sayarwa.

Allurar kuma ban ce ƙarya ba ce. Semaglutide, wato maganin da ke cikin allurar, magani ne na gaske, yana aiki, amma likita ne yake duba mutum ya rubuta, a firij ake ajiye ta, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta yi gargaɗi cewa an kama jabunta a Birazil da Ingila da Amurka, to ina ga wadda za a kawo miki a bayan mashin cikin leda. Waɗanda suka daina yinta kuma an bi su an gani, cikin shekara ɗaya kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo. Ga shi kina maganar yi wa Khalifa ƙani, ita kuwa ba a yinta da ciki, sai an daina da wata biyu kafin ma a nemi cikin. In kina ganin kina buƙatarta ki je wurin likita ya faɗa da bakinsa, ba zan hana ba.

Ki yi haƙuri na ɗaga murya. Tsoro ne.

Ni abin da ya fi ba ni mamaki kin manta yadda kika sauke kilo 12 ɗin nan tun farko. Ba shayi ba allura. Ina nan ina kallo lokacin da na zo na yi muku sati uku, kin daina lemon kwalba, wanda babbar roba ɗaya sugan da ke ciki ya kai cokalin shayi 12 ko fiye, kin mai da malmalar tuwonki ɗaya ƙarama miya ta fi yawa, da safe ƙwai ko alale, da rana kwaɗon zogale ko rama ko faten wake, acha kina cinta har kina koya min yadda ake wanke yashin, bayan sallar asuba ke da matar nan ta gidan sama ku zaga unguwa. Abin da ya yi aiki kenan. Me ya canza? Azumi ya zo da soye-soyen buɗa baki, ƙaramar Sallah, bikin Sadiya, maƙwabciyar ta tashi, damina ta sauka kika daina fita, Babbar Sallah ta ƙarasa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowa kuwa sai a hankali. Ki koma kan abu ɗaya tukuna, ni da za ki bi tawa lemon da zoɓo mai suga za ki fara ajiyewa, sati mai zuwa ki dawo da tattakin, minti 30 kwana biyar a sati, in ana ruwa ki zaga falo ko ki hau bene ki sauko, ba wanda zai yi miki dariya sai Khalifa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2002 ya nuna masu shirin kamuwa da suga da aka ɗora kan tafiyar minti 150 a sati da rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, har ya fi na waɗanda aka ba ƙwaya. Kashi 7 a wurinki kilo 6 ne da ɗoriya. Rabin kilo a sati ya isa, kafin azumi ya zagayo kin wuce wurin.

Wunin yunwar nan kuma ki bari. Mai wuni bai ci ba in dare ya yi ba ya zaɓen abinci, duk abin da ya samu zai kai baki, na san kina tashi ƙarfe sha ɗaya ki dafa indomi, ba sai Walida ta faɗa ba. In azumin Litinin da Alhamis kike so ki yi shi don Allah, da sahur ɗinki da ruwanki. Sikelin ma ki fitar da shi daga ɗakin kwana, sau ɗaya a sati da safe ya wadatar. Kuma duk ranar da kika je suna kika ci masa biyar kada ki ce shikenan na ɓata bari in ƙarasa, abincin gaba kawai ki gyara.

Jiya a islamiyya malama ta kawo hadisin tseren Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da Nana A'isha, da farko ta tsere masa, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya tsere mata yana dariya yana cewa wannan ramuwar waccan ce. Sai na ji ke kika faɗo min a rai, har na yi murmushi ni kaɗai matan suna kallona.

Ranar Litinin ki je a auna miki suga kafin ki karya, da jini, ki ce a duba ƙoda da gishirin jiki, ki tafi da kwalin shayin ki nuna wa likitan kada ki ɓoye masa yawan da kike sha da tsawon kwanakin. Sugan in ya kai 100 zuwa 125 gargaɗi ne, ki turo min hoton takardar da kaina zan karanta, ban yarda da "Mama lafiya lau" ba. Akwai busasshen zogale da kuka da acha mudu biyu da na ɗaure, direban da ya kawo naman zai taho da su ranar Lahadi, ba alkaki a ciki na duba. Abbanku bai san komai ba kuma ba zan faɗa masa ba in kin kira ni yau bayan isha'i.

Ki shafa min kan Khalifa, ki ce takalmin nasa yana nan ɗaya ƙafar a ƙarƙashin gadona.

Mamanki